"Ina Katinka?" Tambayar Da Ke Tayar Da Rigima A Mashayar Turawa

 A wannan mako za mu leƙa Ingila da Amurka, mu ga wani aiki da mata da yawa ke yi a can, watau aikin tsaron kanta a mashaya.

Na san wata za ta ce, "Haba Malama, me ya haɗa mu da mashaya?" Gaskiyarki, ba wurinmu ba ne, ba kuwa tallar giya zan yi muku ba. Amma akwai abu guda da ma'aikatan wurin nan ke yi kowane dare, wanda duk mace mai 'ya'ya ko mai ƙanne take bukatar ta iya. Abin kuwa shi ne a ce wa mutum "a'a", a tsaya a kanta, ba tare da an ci masa mutunci ba. Bayan wannan kuma, dokar da ta ɗora musu aikin nan mata biyu ne suka yi ɗawainiyarta, ɗaya a Ingila, ɗaya a Amurka. Don haka labarin namu ne.

Abin da doka ta ce

A Ingila ba a sayar wa kowa giya sai ya cika shekara 18. A Amurka kuwa sai 21. Dokar ba ta tsaya kan mai saye kaɗai ba. Wanda ya miƙa kofin shi ma ya yi laifi, ko da yaron ne ya yi masa ƙarya. Saboda haka in mutum ya zo gaban kanta, mai sayarwa ta ga alamar ƙuruciya gare shi, sai ta ce ya nuna katin shaida mai hoto da ranar haihuwa. In ya nuna, ta duba ta gamsu, ta sayar masa. In bai nuna ba, ba ciniki.

Ga fatar baki abin ba wuya. Amma ku tuna wurin da ake yinsa. Dare ne, haske kaɗan, kiɗa na tashi, mutane sun yi cincirindo kowa na miƙo kuɗi, waɗansu kuma sun riga sun sha. A irin wannan wuri ne yarinya 'yar shekara ashirin da 'yan kai za ta dubi ƙato mai gemu ta ce, "Yallabai, ina katinka?"

Mace ta fari: Nancy Astor

Kafin 1923, yaro ɗan shekara 14 yana iya shiga mashaya a Ingila ya sayi giya, ba wanda zai ce masa uffan. Wadda ta sake wannan ita ce Uwargida Nancy Astor. An haife ta a Amurka, ta yi aure a Ingila, mutanen garin Plymouth suka zaɓe ta a 1919. Ita ce mace ta fari da ta zauna a kujerar Majalisar Wakilai ta Ingila. Ta san ɗacin giya a cikin gida, domin mijinta na fari mashayi ne, auren bai ɗore ba. Jawabinta na fari a Majalisa, a 1920, kan sha'anin giya ta yi shi.

Malaman makaranta dubbai suka sa hannu a takardar koke, suna roƙon a kare yaran da suke koyarwa. Uwargida Astor ta ɗauki maganar ta kai Majalisa. Waɗansu wakilai suka yi ta yi mata ba'a. Ba ta janye ba. A 1923 dokar ta tabbata, aka ɗaga shekarun daga 14 zuwa 18. Wannan ce doka ta fari da wata wakiliya mace ta gabatar da kanta har ta samu shiga. Yau fiye da shekara ɗari ke nan, 18 ɗin nan tana nan ba ta motsa ba.

Mace ta biyu: Candy Lightner

Labarin Amurka ya fi wannan ban tausayi. Can kowace jiha ita ke yin dokar giyarta. Bayan da aka janye hanin sayar da giya na ƙasa baki ɗaya a 1933, yawancin jihohi suka tsai da 21. A 1971, lokacin yaƙin Biyetnam, aka sauko da shekarun jefa ƙuri'a zuwa 18. Mutane suka ce, wanda ya isa zuwa yaƙi, ya isa zaɓe, ai ya isa sha. Jihohi da yawa suka sauko da shekarun zuwa 18 ko 19. Ba a daɗe ba sai haɗarin mota na samari ya ƙaru. Abin da ya ƙara ɓata al'amarin shi ne bambancin jihohi. Yaran jihar da ke da 21 sai su cika mota su ƙetare iyaka zuwa jihar da ke da 18, su sha, su kamo hanyar gida cikin dare a buge.

Ran 3 ga watan Mayu 1980, a wani gari na jihar Kalifoniya, wata yarinya 'yar shekara 13 mai suna Cari tana tafiya a gefen titi, sai wani direba mai maye ya banke ta, ta rasu. Direban babban mutum ne, an kuwa sha kama shi da laifin tuƙi cikin maye. Uwar yarinyar, Candy Lightner, ba ta tsaya ga kuka ba. A shekarar nan ta kafa ƙungiyar uwaye masu yaƙi da tuƙi cikin maye, wadda ake taƙaita sunanta da MADD. Uwaye waɗanda irin wannan rashi ya sama suka yi ta shiga daga ko'ina. Suka zauna a kotuna suna sauraron shari'u, suka bi ofisoshin gwamnoni, suka rubuta wa jaridu. Cikin abubuwan da suka nema har da a mai da 21 a ƙasa duka.

Ran 17 ga watan Yuli 1984 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar, uwar Cari na tsaye kusa da shi. Gwamnatin tarayya ba ta da ikon tilasta wa jihohi kai tsaye, sai ta bi ta aljihu. Ta ce duk jihar da ta ƙi 21 za a yanke mata har kashi 10 cikin 100 na kuɗin gyaran manyan hanyoyi. Jihar Dakota ta Kudu ta kai ƙara Kotun Ƙoli, ta faɗi a 1987. Zuwa 1988 jihohi hamsin duka sun bi. Hukumar kiyaye haɗarin hanya ta Amurka ta ƙiyasta cewa dokar nan ta tsirar da rayuka dubbai.

To, kun gani. In ma'aikaciyar mashaya ta ce "ina katinka", ba ita ta ƙago tambayar ba. Aike ne uwaye suka ba ta.

Likitoci ma sun goyi bayan uwayen. Sun gano ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna ba sai wajen shekara 25, kuma sashen da ke auna abu kafin a aikata shi ne ke zuwa ƙarshe. Sun kuma gano wanda ya fara sha tun yana ƙarami shi ya fi saurin zama bawan kwalba in ya girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, giya ma ta san wannan.

Me ya sa ake tambayar ɗan shekara 24?

Wata za ta ce, in doka ta ce 18, don me ake tsare wanda ya ba 20 baya? Dalili shi ne ido ba mudu ba ne. Ku 'yan makaranta ku dubi ajinku. Sa'o'in juna ne ku, amma wata ta yi tsawo ta cika kamar uwar gida, wata kuwa kamar 'yar firamare. Kwalliya na ƙara wa yarinya shekara biyar cikin rabin sa'a. Gemu na yi wa yaro haka nan. Ƙarancin haske kuma ya ƙarasa sauran.

Saboda haka masu mashaya da masu kantuna na Birtaniya suka yi dabara. Suka ce kada ma'aikaci ya tambayi kansa, "Wannan ya kai 18?" Ya tambayi kansa, "Wannan ya yi kama da wanda ya wuce 25?" In bai yi ba, a nemi kati. Suna kiran tsarin Challenge 25, za a kuwa ga takardarsa manne a bango kusa da kanta. Tazarar shekara bakwai ɗin nan ita ce katanga, ko ido ya yi kuskure ba zai faɗa rami ba. Tun watan Oktoba 2010 doka ta wajabta wa kowane wurin sayar da giya a Ingila ya kasance da tsarin tantance shekaru. A Sikotland kuwa tun 2011 tambayar duk wanda bai yi kama da ɗan 25 ba ta zama doka sosai.

Waɗansu jihohin Amurka sun wuce nan. Jihar Indiyana ta yi doka a 2010 cewa duk mai sayen giya a kanti don ya tafi da ita gida sai ya nuna kati, ko da furfura ta rufe kansa. Tsofaffi suka yi ta ƙorafi, 'yan majalisa suka sha surutu, a 2011 aka sassauta, aka ce sai wanda bai yi kama da ɗan 40 ba. Wannan ya nuna mana fushin masu saye ba ƙaramin abu ba ne, tun da har ya tanƙwara majalisa. Ku auna yadda yake a kan yarinya guda a bayan kanta.

Yadda ake duba kati

Ba kowace takarda ake karɓa ba. A Birtaniya abin da aka saba karɓa shi ne fasfo, ko lasin tuƙi mai hoto, ko katin soja, ko wani katin shekaru mai tambarin PASS mai ƙyalli. Katin makaranta wanda ba shi da tambarin nan ba ya shiga. Takardar haihuwa ma ba ta shiga, don ba ta da hoto.

Ana koya wa ma'aikaciya ta bi mataki mataki. Da fari ta ce a fitar da katin daga jaka a miƙa mata, kada a nuna mata daga nesa. Ta shafa shi da yatsa, ta ji ko an ɓamɓare gefensa an sake manna wani hoto. Ta karkata shi ga fitila ta ga ko tambarin na ƙyalli. Sa'an nan ta dubi hoton ta dubi fuskar. Ba a kula gashi, don gashi ana sake shi kullum. Ana duban kunne, da karan hanci, da tazarar idanu, da haɓa. Daga nan ta dubi ranar haihuwa ta yi lissafi har wata da rana, domin wanda zai cika 18 gobe, yau 17 yake. Mashaya da yawa na rataye allo mai nuna shekarar da ya kamata a ce an haifi mutum, don kada lissafi ya ruɗe cikin hayaniya. Ƙarshe ta duba ko wa'adin katin ya ƙare. A Amurka an sauƙaƙa musu da wata hikima: lasin wanda bai kai 21 ba a tsaye ake buga shi, na babba kuwa a kwance.

Yanzu akwai na'urori masu karanta kati, da fitila mai fito da ɓoyayyen tambari. Amma na'ura ba ta kama zambar da ta fi yawa, watau aron kati. Ƙanwa ta ɗauki katin yayarta, katin na gaskiya ne, fuska kuma da kama. A nan sai wayon ma'aikaciya. Sai ta yi tambaya kamar da wasa: "Wane wata aka haife ki? Mene ne sunanki na tsakiya? Wace unguwa kike?" Mai abu ba ta tunani kafin ta faɗi sunanta. Mai aro kuwa sai ta ɗan yi jim, ta ɗaga ido sama. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Abin da ke kanta in ta yi sakaci

A Ingila 'yan sanda da jami'an kula da ciniki kan aiki yara waɗanda ba su kai 18 ba su shiga su gwada saye, jami'i na laɓe yana kallo. In ma'aikaciya ta sayar, nan take za a ci ta tara. A 2013 an ɗaga tarar daga fam 80 zuwa fam 90, daga aljihunta kuwa za ta fita. In abin ya kai kotu ya fi haka nesa. Sau da yawa ma aikin ke nan ya tafi. Mai mashayar shi ma bai tsira ba. In aka kama wurinsa sau biyu cikin wata uku, ana iya cin sa tara mai nauyi, a dakatar da lasinsa har wata uku. Mutum ashirin na iya zaman gida saboda kofi guda.

A Amurka akwai ƙarin nauyi. A jihohi da yawa, in mashaya ta ba yaro giya, ya fita ya yi haɗari ya kashe wani, dangin mamacin na iya kai mashayar ƙara su nemi diyya. Ga kuma wani abu da ba kowa ya sani ba. Ma'aikatan mashaya a can da tukuicin masu saye suke rayuwa. Mafi ƙarancin albashin da dokar tarayya ta yanka wa mai karɓar tukuici dala 2.13 ne a sa'a, tun 1991 bai motsa ba, ko da yake waɗansu jihohi sun ɗaga nasu. Ke nan duk wanda ta ɓata wa rai, ta yi asarar tukuicinsa, watakila har da na abokansa. In ta tambaya ta rasa kwabo, in ba ta tambaya ba ta rasa aiki.

Masu ƙi iri iri ne

Akwai mai jin an raina shi. Shekararsa 28, yana da mata da ɗa, sai ya ce, "Ni za ki tambaya kati? Na yi miki kama da yaro?"

Akwai ɗan gida. Shi kuwa cewa zai yi, "Jiya ma a nan na sha, abokin aikinki bai tambaye ni ba."

Akwai mai taƙama. "Kin san ko ni wane ne? Kira mini manaja."

Akwai mai magiya, wanda ya bar jakarsa a gida, ya fito da hoton fasfo a wayarsa, ya haɗa da rantsuwa da murmushi.

Akwai mai wakili. An hana shi, ya koma kujera, can sai ga abokinsa ya zo sayen kofi biyu. A Ingila saya wa yaro giya laifi ne a kan babban da ya saya.

Akwai kuma uba ko uwa mai tsaya wa ɗa. "Ni na haife shi, na san shekarunsa." Wannan ya fi wuya, domin dokar kanta tana da 'yan ƙofofi. A Ingila ɗan shekara 16 ko 17 na iya shan giya mara ƙarfi ko ruwan inabi tare da abinci a tebur, in babba ne ya saya kuma yana zaune da shi. A jihar Wiskonsin ta Amurka yaro na iya sha in iyayensa na wurin. Amma ko a can mai mashaya na da ikon ya ƙi. Shaidar baki ba ta zama kati.

Mafi haɗari duka shi ne wanda ya riga ya bugu. Wannan ko da katinsa na zinariya ne doka ta hana a ƙara masa. Shi ne kuwa mai zagi, mai dukan kanta, wani lokaci har da jifa da kofi.

Yadda gwanaye ke yi

Ga abin da ake koya musu, ku kuma ku riƙe shi da kyau.

Na ɗaya, a yi tambaya tun da wuri, kafin a zuba kome. Karɓe kofi daga hannun mutum ya fi hana shi tun fari wuya.

Na biyu, a fara da gaisuwa da sakin fuska. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Wanda aka yi wa maraba kafin a tambaye shi ba ya jin an tuhume shi.

Na uku, a sassauta murya. Yawancin masu faɗa ba giyar ce ta dame su ba, kunyar abokai ce. In ta matso ta yi magana a hankali yadda shi kaɗai zai ji, ta bar masa ƙofar fita da girmansa.

Na huɗu, a ɗora abin a kan doka, kada a ɗora shi a kan mutumin. Ba a cewa, "Ban yarda da kai ba." Sai a ce, "Yallabai, ka yi haƙuri, doka ce, kowa nake tambaya. In na ba ka ba kati, ni za a ci tara." Ta nuna masa takardar da ke bango. Ba ta kira shi maƙaryaci ba, ba ta kuwa ba shi abin da zai kama ya yi gardama ba.

Na biyar, kada a shiga muhawara. Duk hujjar da ya kawo, amsa ɗaya ce, da murya ɗaya. "Na ji, Yallabai, amma sai da kati." Mai gardama da sabuwar magana yake samun ƙarfi. In ya ji abu guda sau uku, sai ya gaji.

Na shida, a ba shi wani abu a madadin. "Ga lemo, ga ruwa mai sanyi, ga abinci. In gida ba nisa, je ka ɗauko katin, kujerarka na nan."

Na bakwai, wanda ya fi duka: in an ce a'a, an ce ke nan. In ta janye don ya ɗaga murya, ta koya wa duk wanda ke wurin cewa ihu ne mabuɗi. Saboda haka take sanar da abokan aikinta nan da nan, kada ya zagaya wajen wani. Manaja na kirki ma in an kira shi, bayan ma'aikaciyarsa yake bi, ko da shi a ganinsa mutumin ya kai. Daga baya a rubuta abin a littafin waɗanda aka hana, da rana da lokaci da dalili, don in hukuma ta zo a nuna mata.

In kuwa abin ya kai ga barazana, ba a son jaruntaka. Ta ja da baya, kanta na tsakaninsu, ta kira mai gadin ƙofa ko 'yan sanda. Cin zarafin masu sayarwa ya yi yawa har Majalisar Sikotland ta yi doka a 2021, wadda ta mai da zagi ko barazana ko dukan ma'aikacin kanti laifi na musamman. Dokar ta ce in an yi masa haka don ya nemi shaidar shekaru, laifin ya ƙara nauyi.

Mai saye ma yana da hakki

Kada mu ɗora laifi duka a gefe guda. Wani fushin da dalilinsa. In ma'aikaciya ta tambayi baƙar fata ta ƙyale farar fata sa'arsa, wannan wariya ce, dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 kuwa ta hana. Baƙo daga wata ƙasa kan sha wahala in ba a san katin ƙasarsa ba, shi ya sa ake ba matafiya shawara su riƙe fasfo. Haka nan ba daidai ba ne a karanta ranar haihuwar mutum ko adireshinsa da ƙarfi a gaban jama'a, ko a yi dariyar hotonsa, ko a yi ta wuce shi ana miƙa wa abokan aiki. Kati amana ne. A duba, a mayar, a ce an gode. Tambaya ba ta zama adalci sai in kowa ake yi wa ita, da fuska guda.

Abin da za mu ɗauka

Mu ma a nan Nijeriya muna da doka mai kama da wannan. Dokar taba ta 2015 ta hana a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba sigari, ta kuma hana a sa shi ya sayar. Amma sau nawa maigida ko wani yaya ke ba yaro kuɗi ya ce, "Je ka wajen mai tebur ka sayo mini"? Yaron da ya saba da hanyar, ya saba da warin, ya san farashi, wata rana da kuɗinsa zai je. Uwargida, in mai tebur ya koro ɗanki ya ce ba ya sayar wa yara, kada ki aika masa da baƙar magana. Gata ya yi miki. Bakin rijiya ba wurin wasan yaro ba ne.

Haka kuma in ma'aikaciyar banki ko mai tsaron ɗakin jarrabawa ta ce ki nuna kati, ko da ta san ki ta san gidanku, miƙa mata kawai. Ba raini ba ne. Akwai wanda zai tambaye ta in ba ta tambaye ki ba.

Ku kuma 'yan makaranta, gobe waɗansunku za su zama ma'aikatan jinya, waɗansu malamai, waɗansu su tsaya a kantin magani. Za a zo muku da magiya, da taƙama, da "ke ba ki san ni ba?" Wani sa'an ubanku ne zai zo. Ku gaishe shi da ladabi, ku sassauta murya, ku gaya masa ƙa'ida ce ta hana, ku nuna masa abin da za ku iya yi masa. Sa'an nan ku tsaya a inda kuka tsaya. Ladabi bai hana tsayuwa ba, tsayuwa ma ba ta bukatar rashin kunya.

Wadda ke da abin cewa kan wannan magana ta rubuto mana, filin nan naku ne.